Taura Biyu a Baki Ɗaya

Alhamis, 27 ga Yuli 2023. Magarya.

Ban runtsa ba. Jiya tun hantsi raɗe-raɗi, wai an tsare Shugaba Bazoum a fadarsa. Can cikin dare sojoji suka bayyana a Télé Sahel. Iyakoki a rufe, dokar hana fita daga 10 na dare zuwa 5 na asuba. Bidiyon nan ban san sau nawa na kalle shi ba. Magana ɗaya, fuskoki ɗaya, amma duk wanda ya turo sai na buɗe.

Rediyo a kan tabarma, waya a hannu, talabijin ɗin maƙwabci ta kan katanga. Murya uku. Koko ya huce a kwano.

Ƙanena yana Kano tun Litinin, sarin atamfa da shadda a Kantin Kwari, na shagonsa na Dungas. Kuɗin mutum huɗu a hannunsa, har da nawa.

Juma'a, 28 ga Yuli

An faɗi sunan shugaba: Janar Abdourahamane Tiani, na rundunar tsaron fada. Ana sallamewa kowa ya zaro waya tun bai sa takalmi ba. Ni ma.

Kwana biyu ban leƙa gona ba. Ga laima a ƙasa, ciyawa na ta tashi.

Lahadi, 30 ga Yuli

Abuja. CEDEAO ta ba da mako guda a maida Bazoum, in ba haka ba har ƙarfin soja. Sun rufe iyaka ta wajensu su ma. Ciniki tsaye.

Yaƙi da wa? Kakata ta wajen uwa ƴar Babura ce. Rabin kuɗin aljihuna naira.

Fada bayan isha'i. Mu takwas a benci, butar shayi a kan gawayi, kai duk a sunkuye. Wannan ya kunna saƙon murya, bai ƙare ba wancan ya kunna nasa. Wani malami, wani ɗan jarida, wani da ba a san ko wane ne ba yana ta rantsuwa daga Yamai yake magana. A nan muke musun kokowa da farashin buhu har sai an raba mu. Yau ba wanda ya kai ƙarshen zancensa. Shayi na biyu ya ƙone, mai dafawar ma idonsa na kan waya.

Saƙon ƙanena, daƙiƙa 14: "Yaya, mota ta tsaya a Maigatari. Ni lafiya lau. Kaya ba za su wuce ba." Shi kaɗai nake jira yau. Sai da na tono shi daga ƙarƙashin saƙonni sun fi ɗari biyu.

Talata, 1 ga Agusta

Gona. Maimai. Abin sauraro a kunne, waya a aljihun gaba. BBC na shida da rabi a hanya na ji shi, daga nan guruf-guruf. Na malaman lakwal, na ƴan ajinmu, na dangi, na unguwa, na wa'azi biyu.

Da na juyo layi na biyar na ga aikina. Wake. Na sare shi tare da ciyawa, gindi goma sha ɗaya, na ƙirga. Irin da Inna ta adana mini cikin toka tun bara. Hannu na aiki, ido a buɗe, mai su yana Yamai.

Na zauna gindin gawo. Ba inuwa, ya kaɗe ganye kamar kowace damina. Na daɗe a nan.

Laraba, 2 ga Agusta

Najeriya ta yanke kuran. Kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan daga can take zuwa. Wurin mai cajin sola layi har bakin hanya, wayoyi jere a tebur, kowace da lamba manne a bayanta. Dala ashirin. Na bar tawa awa biyu. Cikin awa biyun hannuna ya faɗa aljihu ya fi sau goma. Aljihu wayam.

Uwargida ta ce tun rana ta gaya mini shinkafa ta tashi, wai na ce mata to. Ban tuna ta yi maganar ba. Ban tuna na amsa ba.

Alhamis, 3 ga Agusta

Ranar ƴancin kai, shekara 63. Ranar dashen itace. Ƴata ta samo dashen dogon yaro cikin leda. Kowace shekara ni ke haƙa rami, ita ta sa, mu rufe tare.

Ta kira ni sau uku, in ji uwarta. Ina karanta an rufe RFI da France 24, ina jin wani yana bayanin zuwan Abdulsalami da Sarkin Musulmi Yamai, ina amsa wa wani a guruf. Da na ɗago ta riga ta haƙa da fartanyar uwarta. Ramin bai yi zurfi ba. Ban ce komai ba. Ita ma.

Yau kasuwar Maigatari. Shiru daga ƙanena.

Juma'a, 4 ga Agusta

Manzannin sun koma ba su ga Janar ba.

Na ɗauri niyyar ƙirge. Duk buɗe waya, tsakuwa ɗaya a aljihun hagu. Magariba na zazzage a kan tabarma: 71. Cikin 71 ɗin nan, me na samu da ban sani ba tun safe? Abu biyu. Ko uku.

Abin da ya fi wannan nauyi. Jiya da dare wani bidiyo, tankokin yaƙi a jere, da murya a kai wai hanyar Maigatari ce. Ban kai ƙarshensa ba na tura wa yayata da ke aure a Waca. Ta kwana kuka, ta tashi ƴaƴanta ta ɗaure kaya. Da safe ƙanena: "Yaya, wace tanka? Nan ba komai sai manyan motoci da awaki." Na sake kallon bidiyon a natse. Duwatsu a bayansa, jar ƙasa. Ko makaho ya san ba ƙasarmu ba ce. Minti guda da na ba shi jiya, da na gani.

Na kira ta na ba ta haƙuri. "Ba komai, ƙanena, kai ma tsoro ne." Wannan ya fi faɗa zafi.

Kullum a aji ina buga tebur, ku maida hankali, ku maida hankali. Yara sittin da wani abu.

Asabar, 5 ga Agusta. Ƙauye, ƙasar Dungas.

Kabu-kabu ya ninka kuɗi. Tun da Tinubu ya cire tallafin mai a ƙarshen Mayu kwalba ta yi tsada, yanzu ga rufe iyaka. Hanya duk tabkuna. Gero kore shar hagu da dama, wani ya kai ƙugu.

Rezo babu a gida. Sai an hau tudun yamma da gari, nan ma sanda ɗaya, wani lokaci na Najeriya ne ke shigowa.

Bayan gaisuwa Baba ya ce, "Mushe, kai mai waya, me ake ciki?" Na buɗe baki. Kwana goma kunnena bai huta ba. Na ce ana ta magana dai, wai za a yi, wai ba za a yi ba. Ya ce, "Wa ya ce za a yi, wa ya ce ba za a yi ba?" Na rasa ta cewa.

Takwas da rabi ya ɗauko rediyonsa daga rigarta ta yadi, ya sa batir, ya ja eriya. Ba ci, ba magana, jikoki sun san doka. Ya sunkuyar da kai kamar mai sauraron ɗalibi na biya allo. Da aka rufe shiri ya kashe, ya zare batir. Maƙwabta suka taru, ya jero musu: majalisar dattawan Najeriya ta ce a bi hanyar sulhu, sanatocin arewa sun ƙi yaƙi, jiha bakwai ke iyaka da mu. Ya lissafa da yatsu. Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe, Borno. Abin da aka tabbatar ya ce an tabbatar. Abin da ake zato ya ce zato ne.

Sau ɗaya ya ji.

Lahadi, 6 ga Agusta

Yau wa'adi ke cika.

Bayan asuba Baba a zaure, ƙofa rabi a buɗe don haske. Satu na uku ke nan da yake rubutawa da ka, ya wuce izu arba'in. Takardu warwatse ba ɗinki, alƙalamin gamba, kurtun tawada uku. Na zauna daga gefe, ban taɓa kallonsa da idon babba ba sai yau.

Baƙi tukuna. Shafi bayan shafi, baƙaƙe tsirara, ba wasali ko ɗaya. Sauran kurtuna biyu a rufe. Sai wata rana ya dawo da ja ya bi su da wasali. Wata ranar kuma rawaya, don hamza. Akuya ta shigo ta fita. Yaro ya faɗi ya yi kuka a tsakar gida. Mai tallan fura. Alƙalami bai tsaya ba, leɓe na motsi a hankali.

Da ya ajiye na ce, "Allah gafarta Malam, me zai hana a gama shafi gaba ɗaya, baƙi da ja?" Ya ce, "In na ɗauki ja, kaina ya bar aya ya koma wasali. Kuskure ɗaya, takarda ta tafi, da gabanta da bayanta." Ya rufe kurtu.

Tuwon dare, waya a hannun hagu ko rezo babu, ina ta duba tsofaffin saƙonni. Inna: "Taura biyu ba ta taunuwa. Ci abincinka."

Duk da haka na hau tudu. Samari sun fi ashirin, kowa ya ɗaga waya sama, fuskoki na haske cikin duhu. Filin wasa na Seyni Kountché ya cika a Yamai. Can kuma aka ce an rufe sararin samaniya. Sha biyu ta wuce. Kwaɗi kawai. Walƙiya daga gabas, na zaci wani abu ne.

Litinin, 7 ga Agusta

Ba a yi ba. Yau dai.

Barci da rana, nauyi kamar an doke ni.

Talata, 8 ga Agusta

Firaminista: Ali Mahaman Lamine Zeine, ɗan Damagaram. A bakin Baba na ji.

Gonar Baba. Na bar waya ƙarƙashin matashi, da gangan. Layi biyun farko azaba. Kunne na ƙaiƙayi, kai na ta ƙirƙiro abin da ƙila ake faɗa yanzu. Sau uku na tsaya kamar in koma gida.

Wajen hantsi wani abu ya kwanta. Ƙarar hauya cikin yashi. Numfashina. Na fara ganin gonar: ƙuduji ya ɓullo a kusurwar arewa, inda taki bai kai ba, na tuge shi tun bai yi fure ba. Geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili tsawo da duhun ganye, ka ce ba rana ɗaya aka shuka su ba. Ƙananan gawo bakwai da Baba ya bari suka tashi, ya sassabe musu rassan ƙasa. Shekara nawa ina wucewa ta nan.

Ban sare ko gindi ɗaya ba. Na gama kafin azahar abin da ya ci mini yini a Magarya.

Farin ciki, irin na yaro. Na ci tuwo malmala biyu.

Laraba, 9 ga Agusta

Haka na sake yi yau. La'asar na hau tudu.

Kira shida. Saƙo huɗu. "Yaya, ina ka shiga?" Ya samu masu babura da za su ɗebi dila ɗaya-ɗaya ta daji, amma sai kowane mai kuɗi ya yarda, don in an kama an kama. Biyu sun yarda. Ni ba a same ni ba. Ya ƙi sa dukiyata a hanya ba da bakina ba. Sun tafi da kayan wani.

Muryarsa ta gaji. Kwana goma yana kwana ƙarƙashin mota, sauro, ruwa. Ni ina can ina jin daɗin ƙarar hauya.

Ko alheri ne da ba a ɗauka ba? Ko asara? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Sanusi, Sarkin Kano na 14, ya ga Janar, tare da Sultan na Damagaram. Ban ji komai a raina ba.

Alhamis, 10 ga Agusta

Abuja kuma. A shirya rundunar ko-ta-kwana.

Tudu tun magariba har batir ya mutu. Sauro sun cinye ƙafafuna. Tsakuwa ban ƙirga ba, na san ta wuce ta ran Juma'a. Na dawo Baba na zaune a duhu da carbi. Bai tambaye ni me ake ciki ba.

Asabar, 12 ga Agusta. Magarya.

Kira da asuba ta wayar maƙwabci: ƴata, zazzaɓi tun jiya, amai.

Likita cike, kamar kowace damina. Mata a kan tabarmi har waje, goyo, goyo, goyo. An ɗiga jinin yatsa, layi biyu. Zazzaɓin sauro, amma ba a kwantar da ita ba, alhamdu lillahi.

Muna jira, wata mata kusa da mu da yaro a cinya. Awa biyu idonta bai bar ƙirjinsa ba. Yana hawa, yana sauka. An yi hayaniya a ƙofa, ba ta waiga ba. Ni waya a hannuna, malaman Najeriya sun isa Yamai, Sheikh Bala Lau a gaba. Na dubi matar. Na kashe, na ba uwargida ta jefa a jaka.

Ma'aikaciyar ta yi bayanin magani: safe da dare, kwana uku, a ba ta bayan ta ci wani abu, in ta amayar nan take a sake, ko ta warware kada a tsaya. Na ce, "Malama, bari in maimaita miki." Na maimaita. Ta ce haka ne.

Da a makon jiya ne, da to kawai zan ce.

Lahadi, 13 ga Agusta

Jiki zafi har yanzu. Tsumma da ruwa. Ta riƙe yatsana ta yi barci, hannun dama. Ban zare ba.

Litinin, 14 ga Agusta

Ta sha kunu. Ta nemi a ɗaga ta ta ga dogon yaronta.

Mun yi magana da ƙanena, doguwa. Mun tsaida: kullum bayan la'asar zan buɗe data, shi ma. In abu ya taso da gaggawa ya yi kira kai tsaye ko da tsada, ni zan biya, wayar na aljihu da ƙararta a buɗe. Guruf huɗu na sa musu shiru. Na fita daga ɗaya, nan take wani ya kira, "Mushe, lafiya? Ko mun yi laifi?" Na ce lafiya lau. Ban iya yi masa bayani ba.

Rediyo sau biyu: safe, da takwas da rabi. A zaune. Bayan an rufe in faɗa wa uwargida abin da aka ce. In na kasa faɗa, ban ji ba ke nan.

Laraba, 16 ga Agusta

Ruwa tun asuba, mai yawa. Ba gona, ba kuran. Katangar maƙwabci ta zube ta gefe ɗaya.

Na ɗauko littafin lissafi na aji shida in fara shirin komawa lakwal a Oktoba. Shafi ɗaya sau uku. Ido na gudu kan layi kamar yana neman inda zai tura sama. Na sa yatsa a ƙarƙashin kalmomi, yadda nake sa ƴan aji ɗaya. A hankali. Shafi tara kafin azahar.

Tsakuwa: 19.

Uwargida tana tankaɗe, tana jin wa'azi a rediyo, tana jijjiga goyo, tana lura da tukunya, ba abin da ya ƙone. Na tambaye ta yaya take yi. Ta ce, "Malam, hannu ya san tankaɗe, baya ya san goyo. Kunne kaɗai na ba malamin. In ana ƙirga kuɗin adashi ai kashewa nake." Na yi ta juya maganar. Wake da ciyawa ido suke so, ni na ɗauka hannu ya isa.

Juma'a, 18 ga Agusta

Hafsoshin soja a Accra. Sun ce sun tsaida rana, ba su faɗe ta ba.

Na karya. Daga isha'i har ɗaya na dare, guruf ɗin da na sa wa shiru duk na bi su ɗaya-ɗaya. Taswirori, jiragen sama, wani na cewa ta Gaya za a shigo, wani ta Ƙonni, wani ta nan. Ƙirji na bugawa. Na duba yara suna barci, na auna nisan Tinkim a raina, na rasa inda za mu nufa in an fara.

Abu ɗaya: ban tura wa kowa komai ba.

Tsakuwa: 44.

Asabar, 19 ga Agusta

Kai na ciwo. Fada da yamma, na ajiye waya kife a kan benci. Mai shayi ya ga haka ya kife tasa. Sauran a'a. Mun yi hira mu biyu kan tsutsar da ke cin zangarniya, ko za ta zo bana. Rabin awa, zance ɗaya, har ƙarshensa.

Abdulsalami ya dawo Yamai, wannan karon ya ga Janar, ya ga Bazoum. Da dare jawabi: riƙon ƙwarya ba zai wuce shekara uku ba.

Lahadi, 20 ga Agusta

Na faɗa wa uwargida labarun safe, duka, bi da bi. Ta ce, "To iyaka fa?" Ba su ce komai ba kan iyaka.

Gona. Gero ya yi ciki, ɗaya-ɗaya ya fara fid da kai. Layi na biyar, inda na sare waken, fili har yanzu. Na gefe ya fara yaɗo, ƙila ya rufe wurin. Ƙila.

Ni da ƴata mun ƙara wa dogon yaro ƙasa a gindi, mun kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Sabon ganye biyu. Ita ta ƙirga, ni na riƙe ƙayar.

La'asar: "Yaya, muna nan. Shadda biyu sun jiƙe ta gefe. An ce ƙila Alhamis." Kwana 21.

Saƙo daga ƙauye ta bakin mai kabu-kabu: Baba na son batir, manya, guda huɗu, da takarda in an samu.

Tsakuwa 23. Hadari a gabas.

Gobe: batir, takarda, ƙuduji a gonata. La'asar.